Akori-kurata da ƙanƙarar Winnipeg, aikin da nake mata tun Oktoba

12 Oktoba

Motar dai Ford Ranger ce ta 2008, injin V6 mai lita 3.0, giya otomatik, kuma tayoyin baya ne kaɗai ke ja. Da ita nake kwasar kaya a nan birnin Winnipeg na lardin Manitoba a Kanada, kujeru, firji, katifu, duk ɗalibi ko sabon zuwa da zai canza gida ni ake kira, to kunga ba motar da zan ajiye bace wai don hunturu ya shigo. Mutane da yawa sunce min in sayar in sayi mai ja da taya huɗu, na duba farashinsu a Kijiji, shafin saye da sayarwa na intanet, na rufe wayar, kuɗin babu, don haka wannan ɗin zamu lallaɓa har ta koyi tafiya a ƙanƙara.

Matsalar akori-kura a fili take. Inji a gaba, giya a gaba, direba a gaba, bayan kuma wayam in ba kaya, sannan can bayan da ba nauyi nan ne aka ɗora wa aikin tura motar. Taya tana kama ƙasa ne daidai nauyin da ke danne ta, to in ba abinda ya danne ta sai ta dinga wulwulawa a wuri ɗaya kana jin ƙugin inji motar ko gezau. Ƙari a kan haka wannan shekarar ta Ranger ba ta da na'urar nan da ke rage wuta da kanta in taya ta zame, sai daga 2010 Ford ta saka musu, abinda nake dashi ABS ne kawai a birki, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Wato komai yana ƙafata.

Tsarin da na yi: taya tukuna, sannan nauyi, sannan kayan fita in mota ta kafe, bak-aksil kuma sai na ga abinda ya rage a aljihu.

19 Oktoba

Maganar taya ta cinye min satin nan gaba ɗaya. Waɗanda ke jikin motar irin na kowane lokaci ne, an rubuta M+S a gefensu, wanda ya sayar min da motar har yana nuna min rubutun yana cewa ai na dusar ƙanƙara ne, to ba haka bane, wannan rubutun yanayin zanen tayar kawai yake nufi. Tayar hunturu ta gaske tambarinta daban, hoton dutse mai kololuwa uku da ɗigon dusa a cikinsa, ita ce aka gwada a kan dusa kafin a buga mata tambarin. Kuma babban bambancin ma ba a zane yake ba, a robar yake, tayar kowane lokaci da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 take fara tauri, a garin da Janairu ke kai mutum ƙasa da sifili da 30 kuwa ba sai an faɗa ba. Ta hunturu tana nan da laushinta, ga wasu ƴan tsage-tsage sirara a kan kowane kwanon zanen, ka danna da yatsa zaka ga suna buɗewa, su ne ke cizon ƙanƙarar.

Sai tambayar kusoshi, ƴan ƙarafan nan da ake bugawa a jikin taya don su ciji ƙanƙara. A Manitoba a lokacin doka ta yarda a saka taya mai kusa daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, ba ko'ina ake yarda ba fa, ƙetaren iyaka a Minnesota mazauna jihar basu da wannan damar, a Ontario ma sai mutanen arewacin lardin. Na tsaya tsakanin iri biyu, Bridgestone Blizzak da ba'a saka mata kusa, robarta ce ke yin aikin, da irinsu General Grabber Arctic ko Firestone Winterforce masu ramukan kusa. Nokian Hakkapeliitta ta Finland kam kowa ya san ita ce uwa, tun 1936 suke yinta, amma kuɗinta ma uwa ne. Na zaɓi mai kusa, dalilina shine a garin nan ba tarin dusa ce ke kayar da mutum ba, ƙanƙarar da ta daskare ta goge a bakin danja ce, kuma a nan kusa ta fi komai. Abinda zan biya a kai shine ƙara a kan busasshiyar kwalta da kuma wasu wuraren fakin na cikin gini da basa barin mai kusa ya shiga.

Abu ɗaya da mai shagon ya jaddada min, kusa a sabuwar taya ake bugata tun bata taka ƙasa ba, in ka yi yawo da ita tsakuwa da ƙasa sun cika ramukan shikenan, don haka ba maganar bari in gwada tukuna in naga da buƙata in dawo.

Girma kuma na sauko daga 225/70R15 zuwa 215/75R15, tsayin kusan ɗaya ne, bambancin wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne, amma ta fi siranta, siririyar taya tana yanka dusa ta iske ƙasa, mai faɗi kuwa hawa sama take tana iyo. Na tabbatar lambar ɗaukar nauyinta bata gaza ta asali ba tunda motar kaya ce.

Huɗu na yi oda. Wani abokina yace haba Malam ai biyu na baya sun isa tunda su ke ja, nace to wa zai sha min kwana wa kuma zai tsayar dani, ai na gaba ne. Mota ta tashi da ƙarfinta sannan sitiyari ya ƙi ji, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuɗin kuma ta shirin MPI na bi, hukumar inshorar motoci ta lardin, a lokacin suna bada rancen tayar hunturu har dala 2,000 kan kowace mota ana biya a hankali. Akwai ruwa a kai, kowa dai ya san matsayinsa a kan wannan, ni na tambayi yadda tsarin yake na lissafa sai naga in na haɗa da kuɗin aikin ƙarshen wata zan iya biya hannu da hannu, sai na janye na biya kawai.

2 Nuwamba

An ɗaura. Na samo wili na ƙarfe guda huɗu na hannu a Facebook Marketplace, masu noti biyar 5x114.3, don kada duk shekara sai an ɓare taya daga wili an mayar, yana cin bakin tayar yana cin kuɗi. Ɗaya yana da tsatsa a leɓe, na goge da burushin ƙarfe na fesa fenti. Wutar iskar taya a dashbod yanzu a kunne take kullum saboda waɗannan wilin basu da sansa, na sani, geji na saka a aljihun ƙofa. Noti an ɗaure su da ma'aunin ƙarfin ɗauri, lb-ft 100, kuma na koma aka sake dubawa bayan na ɗan yi tafiya.

Ƙarar kusa a kwalta sai wanda ya ji, ƙarrrr tun daga gida har titin Pembina, uwargida tace wai Baban yara motar nan lafiya kuwa, nace lafiyar kenan. Ance in bi su a hankali na ƴan ɗaruruwan kilomita na farko, ba fizga ba birkin gaggawa, har kusoshin su zauna daram.

10 Nuwamba

Nauyi. Nan ne kowa ke da fatawa. Wani yace bulon siminti, wani yace tsohon injin, wani yace ka bar dusa ta cika bodin ai nauyi ne na kyauta. Bulo da ƙarfe na ƙi su gaba ɗaya, ran da aka yi karo ko ka taka birki da ƙarfi abin nan ba tsayawa zai yi ba, tsakaninsa da ƙeyarka gilashi ne kawai da siririn ƙarfe. Buhunan yashi na sayo, dogayen nan da ake sayarwa musamman don wannan, kowane ɗaya fam 60 wato wajen kilo 27, na fara da huɗu, kilo ɗari da ɗoriya kenan.

Inda za'a ajiye shi yafi yawansa muhimmanci. Daidai saman aksil, tsakanin tuddan nan biyu na taya da ke cikin bodi. In ka tura shi can jikin ƙofar baya, eh zai danne tayoyin baya sosai har ma fiye, amma yana ɗage gaba, sitiyari ya yi sakayau, kuma in bayan ya fara zamewa a kwana wannan nauyin shi zai ja ka ka juya gaba ɗaya. In ka matso dashi jikin kabin kuma rabin amfanin ya tafi tayoyin gaba da basu buƙata. To na yanka katako 2x4 na haɗa firam, biyu a gicciye ɗaya gaban tuddan ɗaya bayansu, biyu a tsaye sun haɗe su, buhunan suka kwanta a ciki, na bi da bel mai ratsa guda biyu na ɗaure a ƙugiyoyin bodin na ja har sai da yashin ya lotsa. Na hau na tattaka, ko motsi.

Firam ɗin ya cinye min wurin kaya kaɗan, sai na shimfiɗa falanki a sama don firji ya samu wurin zama. Kuma dole in riƙa tunawa wannan kilo ɗarin yana cikin lissafin abinda motar ke iya ɗauka, lambar tana nan a takardar jikin ƙofar direba, in zan ɗauki kaya mai nauyi buhunan sauka zasu yi tunda kayan ma nauyi ne.

Wani abin da mutane basa lissafawa, tanki. Nata wajen lita 74 yake ci, cikakke ya haura kilo 50 kuma yana can ƙasa kusa da aksil, don haka daga yanzu ba barinsa ƙasa da rabi.

24 Nuwamba

Dusa ta sauka ta zauna. Da asuba bayan sallah na wuce wani filin fakin na kanti da ba kowa ba'a kuma share ba, na yi ta gwaji. Tashi daga tsaye a D, in na taka totur yadda na saba tayar dama ta baya tana ɗan wulwulawa kafin ta kama. In na ja liba zuwa 2 kuwa motar a giya ta biyu take tashi kai tsaye, ƙarfin da ke zuwa taya ya ragu, sai kawai ta tafi salin alin, littafin motar ma ya faɗi haka don hanya mai santsi. Birki na taka iya ƙarfina don in ji ABS, feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa tana gurnani, wanda bai saba ba zai ɗauka wani abu ya karye ya ɗaga ƙafa, kada ka ɗaga, danne zaka yi ka riƙe sitiyari.

Sannan na dinga sa bayan ya zame da gangan, in sha kwana in ɗan ƙara wuta, gindin ya fita gefe, in saki totur a hankali in juya sitiyari inda bayan ya nufa ido na kan inda nake son zuwa. Abin lura, da yashin nan bayan baya saurin fita, amma in ya fita yafi wuyar dawowa, nauyin yana da nasa ra'ayin. Kuma a tsayawa ban ji yashin ya taimaka da komai ba, duk tsayuwar da motar ke yi aikin taya ne. Wannan ya sa na fasa ƙara buhu biyu da nake niyya.

8 Disamba

Na kai wa wani dattijo ɗan Damagaram kaya, tsohon direba ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku kafin ƴaƴansa su ɗauko shi. Ya zagaya motar ya daki taya da ƙafa yace yaro iskar nan ta yi yawa, ka sassauta mata, mu a rairayi haka muke yi mota ta hau sama ta wuce. Nace Baba Allah ya ƙara girma, a rairayi gaskiyarka, so kake taya ta baje kada ta nutse, amma nan ƙarƙashin dusar kwalta ce ko ƙanƙara, so nake ta nutse kusa ta taɓa ƙasa, in na sassauta zanen tsakiya lanƙwashewa zai yi kuma gefen taya ya ci wuya ga kaya a sama. Yace to ku kuka san garinku, amma dai ƙafar direba ɗaya ce ko'ina, wanda ya iya fita daga rairayi ba ya taka totur kamar yana faɗa da ita. Wannan kam ban musa ba.

Iskar ma a nan sanyi ne ke sassauta maka ita ba tare da ka roƙa ba, kusan psi ɗaya duk saukar digiri 5 zuwa 6. An hura su a cikin gareji mai ɗumi ranar ɗauri, da na auna a waje da safe wannan satin duk huɗun sun yi ƙasa da abinda takardar ƙofa ta ce, na cika su a nan waje cikin sanyin kafin in motsa motar. Yanzu duk Juma'a kafin in tafi masallacin Waverley nake aunawa.

21 Disamba

Ta kafe a lungun bayan gida. Motar shara ta bi ta tura dusa ta yi kunya a bakin wurin fakin ɗina, cikin dare ta daskare, tayoyin gaba suka haura na baya suka faɗa cikin kwarin da tayoyin mutane suka haƙa. Na sauka na duba, tayar dama tana kan ƙanƙara mai sheƙi tana ta juyawa, ta hagu tana kan wuri mai kyau mai tsakuwa a tsaye cak ko motsi bata yi. To wannan shine halin bak-aksil na gama-gari, ƙarfin da yake ba kowace taya daidai yake da na ɗayar, in ɗaya ta rasa abin kamawa to ɗayar ma iya wannan ɗan ƙarfin zata samu, wato a irin wannan wurin motar mai ja da taya ɗaya ce ba biyu ba.

Na ce bari in yanka buhu ɗaya in zuba yashi, ashe ruwa ya shige su sun daskare sun zama dutse, wuƙa ma bata shiga. Maƙwabcina bature ne ya fito da bokitin tsakuwa busasshiya daga garejinsa, muka sheƙa a gaban tayar, na haƙe kunyar da shebur, sannan na yi dabarar birkin fakin, na Ranger feda ce ta ƙafar hagu, ka danna ta ƴan ƙyas-ƙyas kaɗan ba duka ba, tana riƙe tayar da ke wulwulawa sai ɗayar ta samu ƙarfi, na bata wuta kaɗan a giya ta biyu ta fito, na saki birkin nan take. Dabarar tana yi amma ba ta kullum bace, wayar birkin tana iya daskarewa a riƙe a tsananin sanyi.

Yau na haɗa kayan fita: bokiti mai murfi cike da busasshiyar tsakuwa a bayan kujera cikin kabin, shebur na ƙarfe gajere don na roba baya fasa daskararriyar kunya, tabarmin roba masu haƙora guda biyu na sawa ƙarƙashin taya daga kantin Princess Auto, igiyar ja mara ƙugiyar ƙarfe, wayar jan batir, bargo, safar hannu ta biyu. Igiyar a ramin jan tirela na baya ake ɗaura ta da fin, ba a ƙwallon ba, ba kuma a bamba ba, ƙwallon in ya tsinke harsashi ne.

Jijjiga mota gaba da baya don ta fita in ta kafe ma akwai ƙa'ida a otomatik, sai taya ta tsaya cak kafin ka canza daga D zuwa R, kuma kada a daɗe ana yi, giya ce ke zafi, gyaranta yafi kuɗin motar ja sau nawa.

11 Janairu

Sanyin gaske ya zo. A irin wannan gishiri baya aiki, da an wuce ƙasa da sifili da 10 ƙarfinsa ya fara mutuwa, sai yashi hukumar gari ke watsawa a manyan tituna, motoci su share shi cikin awa kaɗan, hayaƙin salansa ya diga ya daskare, kowa ya zo ya wulwula taya ya ƙara goge wurin, bakin danja ya koma kamar an zubar da miyar kuɓewa a kan tayil. A nan kusoshin suka biya kuɗinsu. A wata danja kan titin Portage na tashi lafiya lau a giya ta biyu, wata babbar mota mai ja da huɗu a gefena ta riga ni tashi tabbas, amma a danja ta gaba ina kallo ta zarce layin masu tafiya a ƙafa fitilun birkinta a kunne, taya huɗun nan a tashi suke taimako, wajen tsayawa kowa birkin taya huɗu gareshi, robar da ke ƙasa ce ke raba gardama.

Abubuwan da suka zame min jiki yanzu, nisa tsakanina da na gaba ninki biyu ko uku na rani, fara birki tun daga nesa kuma in karkata kaɗan daga goggen layin tsakiya zuwa inda yashi ya taru, ba na taɓa kurus kwantirol, wato na'urar da ke riƙe gudun mota da kanta, a kan Perimeter, babbar hanyar da ta zagaye gari, in iska na kwaso dusa tana ratsa titi ina rage gudu tun kafin gada don gada ke fara daskarewa, sannan hawa daga ƙarƙashin gadar Jubilee ina shiga da ɗan gudu daidai in riƙe shi, ba ƙara wuta a tsakiyar hawa.

Na lura da wani abu kuma, in na tashi a wuri mai gargada bayan yana tsalle daf-daf-daf, taya na kamawa tana saki. Na danna bodin da hannu na saki ya yi ta lilo, shokazoba na baya sun gama, ɗaya har mai ya jiƙe shi.

18 Janairu

An canza shokazoba biyu na baya, noti biyu ne kowane ɗaya amma tsatsar gishiri ta sa sai da aka sa wuta a na ƙasa. Tunda an ɗaga motar nace bakaniken ya buɗe dirom ya duba birkin baya, ya share ya daidaita. Tsallen ya tafi. Ban zaci shokazoba na da hannu a maganar santsi haka ba, amma ai taya da ke sama bata kama komai.

Tana sama ɗin muka juya tayar baya ɗaya da hannu, ɗayar ta juya ta kishiyar hanya, an tabbatar aksil na gama-gari ne. Takardar ƙofa ma ta faɗa, a ƙarƙashin AXLE lamba ce zalla 86, a Ford in mai riƙe taya biyu ne lambar da harafi take farawa.

9 Fabrairu

Lissafin aksil. Hanya uku na gani. Ta farko a samo cikakken aksil na wata Ranger mai Traction-Lok, wato mai riƙe taya biyu, daga wurin ƴan gwangwan, galibi a masu injin 4.0 ake samu, mai inci 8.8, a cire nawa a ɗaura, shine mafi araha amma faifan kulocin da ke ciki suna cinyewa da shekaru, kana iya sayo wanda ya riga ya koma na gama-gari baka sani ba, kuma yana buƙatar wani ɗan mai na musamman da ake haɗawa da man aksil in ba haka ba ya dinga kakkarwa a kwana. Ta biyu a sayi sabon ciki irin Detroit Truetrac na kamfanin Eaton, shi haƙora ne zalla ba kuloci ba abinda zai cinye, amma sai gwani ya zauna ya saita haƙoran, kuɗin aikin kaɗai ya kusa na tayoyin nan huɗu. Ta uku a bar shi.

Maƙwabcin nan nawa akori-kura Ford F-150 gareshi mai ja da baya kuma mai irin wannan aksil ɗin, ya bani na zagaya unguwa da ita. Fita daga lungu kam ba'a magana, inda tawa ke tsayawa tunani tashi wucewa take. Amma a kwanar farko mai ƙanƙara da na ɗan taɓa totur bayan gaba ɗaya ya tafi gefe lokaci guda, saboda tayoyin biyu ne suka zame tare, a tawa in ɗaya ta zame ɗayar da ke tsaye ita ke riƙe motar a layi. Wato abin yana maganin kafewa ne, a kan titi kuwa sai ka ƙara nutsuwa. Tunda aka shiga hunturu kafewar da na yi ta lungu ce kawai kuma bokitin tsakuwa ya isar mata, to ban ga dalilin kwanciya ƙarƙashin mota a wannan sanyin ba. In rani ya yi na samu na gwangwan mai kyau da rahusa, wanda zan juya da hannuna in ga tayoyin na bin juna da ƙarfi, zan ɗauka.

Sarƙa kuma wani ya kawo shawara, na duba na bari, cikin gari nake aiki kan titunan da ake sharewa, gudunta baya wuce kilomita 50, ɗaurawa da cirewa da daskararrun yatsu, ga haɗarin ta kama wayar birki in ta saki. Mai zuwa gona ko bakin tafki kamun kifi shi ya dace da ita.

15 Maris

Rana ta fara ƙarfi, da rana narkewa da dare daskarewa, safiya yanzu tafi Janairu santsi a lunguna don ruwa ne ke kwanciya a kan ƙanƙara, don haka ba abinda na sauke tukuna. Na auna zanen tayoyin, na baya sun ɗan fi na gaba ci, kusa biyu sun fita a ta dama ta baya, sauran na nan. Mai kuwa motar ta ƙara sha a watannin nan, yashi da taya mai laushi da ɗumama inji duk sun haɗu.

Buhu ɗaya ya fashe a gefe inda bel ya ci shi, na naɗe da tef kafin ya narke ya cika min bodi, baɗi zan saka su cikin baƙar leda mai kauri tun farko don ruwa. In zan cire tayoyin zan rubuta wa kowace wurinta da alli, na baya su koma gaba baɗi, irin masu bin hanya ɗaya ne don haka kowace a gefenta zata tsaya. Sai wankin ƙarƙashin mota saboda gishiri, da fentin firam ɗin katako. Kusoshin dole su sauka kafin 30 ga Afrilu, na riga na kama layi a shagon taya na sati na uku na watan don ƙarshensa cika yake yi.